Shekarar da Na Mayar wa Inna da Furarta

Ban yi boko mai nisa ba, kun sani. Daga firamare tashar mota ta ɗauke ni, kuma rubutun nan da ƙyar nake jan shi, kamar mota mai lodi a kan tudu. Amma gara in rubuta muku a karkace da hannuna da in bar ku da labarin da Baffanku Sale yake bayarwa a zaure, wai ubanku ya mayar wa uwarsa da abinci, ya kunyata wanzamin gidansu, duk saboda wasan tsere irin na yara. An yi haka. Na mayar da furar, wanzami kuma ya fita da askarsa ba ta taɓa jikina ba. Abin da Baffanku ba ya faɗa shi ne dalili, kuma dalilin nake so ku sani kafin wani ya zauna ya yi muku bayanin ubanku bayan ba ya nan.

A shekarar ina jan mota tsakanin Daura da Zango, wani lokaci Mai'adua idan ranar kasuwa ce. Aikin zama ne. Daga kujerar mota sai bencin mai shayi, daga benci sai kujerar mota, ga tumbi ya fito har sitiyari yana gogarsa. Sai ƙishirwa ta sa ni gaba, in sha ruwa kamar raƙumi, in tsayar da fasinja a hanya don fitsari, har suka fara mita. Da na fara ganin kwalta hazo-hazo da rana tsaka, sai na kai kaina asibiti. Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ce suga ne. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in rage tuwo, in bar sukari a shayi, sa'annan kullum in motsa jiki har in yi gumi, tafiya da sauri ko sassarfa. Ta ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba matuƙar ina zaune.

Ban yi mata gardama ba, don na ga abin da ciwon nan ya yi wa kakanku. Ƙaya ce ta soke shi a gona, 'yar ƙarama. Wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari, aka yanke ƙafar, bai daɗe ba ya rasu. A gida har yau wasu cewa suke yi asiri aka yi masa. Ni ne na riƙa ɗaukarsa a baya zuwa ban ɗaki, don haka ba wanda zai gaya mini labari. Daga asibiti kasuwa na wuce, na sayi kambas na gwanjo.

Yanzu sai ku fahimci zancen furar. Ni ne auta a ɗakin Inna. Tun ina yaro, da an idar da sallar asuba, ita take dama mini fura da hannunta. Na yi aure ba ta bari ba, na haife ku ba ta bari ba, gemuna ya fara fari ba ta bari ba. Uwarku Dije tun tana amarya ta gane wannan ba fagenta ba ne, ta ja jikinta. Da yamma Inna take sayen nono a wajen Bafulatanarta, ta rufe da faifai. Kuma ba fura kawai ba ce. Tun ranar da na fara tuƙi, idan ta gama damu sai ta riƙe ƙwaryar kusa da bakinta ta yi tofi a ciki, addu'ar tsari daga hatsarin hanya. Shi ya sa dole in sha kafin in taka ƙofar gida, kuma dole in shanye tana kallo. Da aka ce mata ina da suga, ta daina sa sukari, ta ƙara curin fura don ya maye gurbi. Da ta ji zan riƙa gudu, sai ta canza ƙwarya zuwa babba.

"Jaki ma sai ya ci dusa yake ɗaukar kaya," in ji ta. "Shanye, Auta. Har ƙasa."

Haka zan shanye, in bi da ruwan leda don ƙishirwa, in ɗaure kambas in fita da ciki tam. Da zarar na wuce gidajen ƙarshe na hanyar Zango abin yake farawa. Da fari sai in ji cikina yana kaɗawa kamar jarka rabi da mai. Sai gyatsa mai tsami ta taso har maƙogwaro. Sai wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari, in dafe wurin ina ɗingishi. Daga nan sai murɗa, murɗar da ba ta sauraren uzuri. Da damina abin ya zo mini da sauƙi, gero ya fi ni tsawo, sai in faɗa gonar mutane in fito ba wanda ya gani. Na ɗauka jiki ne bai saba ba. Na ce zai saba. Bai saba ba, kaka ta zo, aka yanke gero, aka kwantar da kara, fili ya buɗe har inda ido ya tsaya.

Wata safiyar kasuwar dabbobi abin ya kama ni a tsakiyar fili, ba abin fakewa sai wata guntuwar sabara da ko akuya ba za ta ɓoye ba. Ina tsugune sai ga mota daga tasharmu, cike da dillalan shanu, Baffanku Sale a gidan gaba. Direban abokina ne, kuma don ya nuna ya gane ni sai ya danna ham, ya riƙe. Kafin azahar labari ya zagaye tasha.

"Iro, an ce birki ya tsinke maka a hanyar Zango," in ji ɗan kamasho.

"Ba birki ba ne, salansa ce," wani ya amsa daga benci.

Na yi dariya tare da su, don a tasha idan ka nuna abu ya yi maka zafi ka saya wa kanka suna har kabari. Amma a gida ba dariya. Yaya Sale ya same ni a ƙofar ɗakin Inna bayan la'asar, ko zama bai yi ba.

"Kai yanzu da girmanka, da 'ya'ya mata a gabanka, kana gudu a titi kamar wanda ya yi sata. Mutanen da nake ciniki da su suna tambayata ko ƙanena lafiya yake a kai. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu suga gare ni, Yaya."

"Masu suga nawa ne a garin nan? Wa ka gani yana tsugunno a gonar mutane?"

Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Sai da ta kai ƙarshe ta yi magana, kuma ba ni ta kalla ba, shi ta kalla.

"Bar yi masa faɗa, ba laifinsa ba ne. Saifarsa ce. Tun yana yaro idan ya yi guje-guje take tasar masa. A kira Tanko ya tsaga masa wurin, ya sa ƙaho, mataccen jinin ya fita."

Baba Tanko shi ne wanzamin gidanmu, kamar yadda ubansa ya kasance wanzamin kakanmu. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa manyanku. A gidanmu ba a ce masa a'a. Yaya Sale ya yanke hukunci a tsaye: ko in bar gudu, ko in kwanta a tsaga ni. Na ce zan duba. Na riƙa ja musu rai, yau mota ta lalace, gobe ina da lodi.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a Mashi, mijin ƙanwar Inna, sai Inna ta tafi zaman makoki. Safiyar farko Dije ta ce ko ta dama mini. Na ce ta bar shi, ba don wata dabara ba, kawai ban ji sha'awa ba. Na kurɓi ruwa kaɗan na fita. Na wuce gidajen ƙarshe ina jiran abin ya fara. Na wuce sabarar nan ina jira. Na kai inda ban taɓa kaiwa ba, na juyo, na dawo gida, cikina shiru kamar ba nawa ba. Washegari haka. Jibi haka. Ni makaniken kaina ne tun ina yaron mota, na san idan ka cire abu ƙara ta ɗauke, to ka mayar da shi ka ji ko za ta dawo. Sai wata safiya na tsaya wajen mai koko, na sha kofi babba, na bi da ƙosai da yaji, na kama hanya. Ko rabin tafiyata ban yi ba na nemi rami. Daga ranar ban ƙara shakka ba.

Da ranar komawata asibiti ta zo, na zayyana wa likita komai, har da zancen sabara. Ba ta yi dariya ba, na yaba mata a kan wannan. Ta ce idan mutum yana gudu jini ƙafafu yake tafiya ya bar ciki, abincin da ke ciki sai ya tsaya ba ya narkewa, ga shi ana ta jijjiga shi. Ta ce nono da gero da abin da aka soya da mai da yaji sun fi komai daɗewa a ciki, kuma ruwa mai yawa a tashi ɗaya shi ma yana kawo sukar haƙarƙari. Ko dai in ci in jira abincin ya sauka sosai, ko in yi guduna tukuna in karya daga baya. Ruwa in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in fara da tafiya kafin in ɗaga ƙafa. Ta ce tunda ina shan ƙwayoyi in riƙa sa dabino a aljihu, idan na ji jiri ko rawar jiki in tsaya in ci. Fura ma ko bayan gudu ce, in rage ta ƙwarai. Sai na ambaci Baba Tanko. Nan ne ta ajiye biro.

"Malam Ibrahim, saifarka ba ta yi komai ba. Kada ka bari a tsaga ka. Mai ciwonka ƙaramin rauni yana iya ƙin warkewa."

Na ce mata wannan ba sai ta faɗa mini ba.

Na gaya wa Dije a ɗaki.

"To, Malam, wa zai gaya wa Inna? Ni dai ba ni ba. Ka san cewa za a yi ni na zuga ka don in karɓe damun."

Da Inna ta dawo na bi ta hanyar lallami, kada wani ya ce muku ban bi ba. Na je na durƙusa, na ce ta riƙa ajiye mini furar sai na dawo daga gudu. Ta ce addu'ar tsari ba a shan ta bayan an dawo, wanda ya riga ya fita me za a tsare masa? Na ce to ta yi mini tofin a ruwa, ko cikin ludayi ɗaya ne, in kurɓa in fita. Ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai fita daga ƙofarta da ciki wayam ba tana raye. Sai na faɗi abin da nake ta kewayawa, na ce Inna, furar ce take murɗa mini ciki.

"Wato hannuna ne ciwonka."

"Ba hannunki ba, Inna. Lokacin ne. Ko wa ya dama, in na sha na yi gudu..."

"Tun ba ka da haƙori nake ba ka. Ba ta kashe ka ba sai yau da wata yarinya a asibiti ta faɗa maka."

Na sha furar washegari, da wanda ya biyo baya, don ba ni da zuciyar ganin fuskarta. Na koma neman rami a hanyar Zango. A kwanakin nan na yi tunanin in bar gudun kowa ya huta. Har na kwana biyu ban fita ba. Sai na lura ƙishirwar tana dawowa, na zauna a bakin gado ina duba tafin ƙafata kamar yadda likita ta ce in riƙa yi, na ce wa kaina, Iro, kunyar uwarka za ta kai ka inda ta ga an kai mijinta, kuma ita ce za ta fi kowa kuka.

Ranar da abin ya faru, na dawo daga masallaci na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba Tanko yana zaune ya buɗe zabira, ya jera ƙahonni, yana wasa aska a tafin hannu. Yaya Sale yana tsaye a kansa. Inna tana ƙofar ɗakinta da ƙwarya a gabanta, an rufe da faifai. Matan gida duk sun sami aikin yi a kusa. Ba wanda ya gaya mini za a yi, sun shirya ne su ritsa ni.

"Zo nan, Auta, cire riga," in ji Baba Tanko. "Ni na yanke ka kana ƙarami ba ka mutu ba. Wannan ai susa ce."

"Baba Tanko, ina kwana. Ka yi haƙuri, an tashe ka a banza. Ba za a tsaga ni ba."

Ya ɗaga kai ya kalli Yaya Sale, don shi bai saba jin wannan a gidan ba.

"Iro, kwanta," in ji Yaya.

"Ba zan kwanta ba, Yaya. Kai kana Mai'adua lokacin da ake wanke wa Babanmu ƙafa. Ni nake riƙe kwanon."

"To ka bar gudun."

"Shi ma ba zan bari ba."

Inna ta buɗe faifai, ta ɗauki ƙwaryar ta yi tofinta kamar kullum, ta miƙo mini. Ta san a gaban mutane ba zan iya ba, shi ya sa ta miƙo a gaban mutane. Na je na durƙusa, na karɓa da hannu biyu. Na ji sanyin ƙwaryar, na ji ƙamshin citta da kanumfari. Ba na jin akwai abin da na taɓa ɗauka mai nauyinta, har da gawar mahaifina. Na ajiye ta a gabanta a hankali, na mayar da faifan na rufe.

"Inna, in na dawo zan sha kaɗan, in kin bar mini. Yanzu ba zan sha ba."

Yaya Sale ne ya yi ta magana, ban riƙe ko ɗaya ba. Na shiga ɗaki na ɗaure kambas, na sa dabino a aljihu, na ratsa ta gefen tabarmar wanzami na fita. Na yi guduna lafiya lau. Da na dawo an naɗe tabarma, an wanke ƙwarya an kife ta a kan danga.

Ga abin da ya ci mini, don kada ku ɗauka a banza na samu. Baba Tanko bai ƙara shiga sashena ba. Da aka haifi ƙaramarku ya aiko cewa ba shi da lafiya, alhali an gan shi a wani sunan a unguwa, sai daga Zango na ɗauko baƙon wanzami ya yi mata aski, mutane suna kallo suna ƙus-ƙus. Baffanku ya daina cin tuwo da ni a kwano ɗaya, abin da muke yi tun muna yara, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Uwarku ta sha habaici a gidan nan na abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ku riƙa tuna mata da wannan. Inna kuwa ba ta yi mini baki ba, ba ta ƙi amsa gaisuwata ba, tana tambayar jikina, tana sa mini albarka idan na kawo cefane. Amma ba ta ƙara dama mini fura ba. Na roƙa, na aika Dije ta roƙa, na sayo nono da kaina na ajiye mata. Sai ta dama wa 'ya'yan Baffanku. Mutum mai furfura ne ni, amma na sha wucewa ta ƙofar ɗakinta da safe in ji ƙarar ludayi a ƙwarya in ji kamar in zauna a ƙasa.

Duk da haka ban yi nadama ba, kuma ba zan ce na yi ba don wani ya ji daɗi. Tumbin ya tafi, idona ya washe, likita ta rage mini ƙwaya. 'Yan tasha da suka yi mini dariya, akwai wanda ya zo a ɓoye yana tambayata inda ake samun kambas mai arha, na ce masa ya fara da tafiya kuma ya bar ƙosai sai ya dawo. Ban raina uwata ba. Wanda ya raina uwarsa ba ya shan abin da ya san zai kai shi rami don kawai kada ranta ya ɓaci, ni kuwa na sha, ba sau ɗaya ba.

Inna ta yi 'yan shekaru bayan haka. A ciwonta na ƙarshe, da muka ga jikin ya yi nisa, na shiga wajenta wata safiya bayan sallah don neman gafara, kamar yadda ake yi. Baffanku yana zaune a gefen gado. Na durƙusa na ce ta yafe mini duk abin da na yi mata, wanda na sani da wanda ban sani ba. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

"Na yafe maka, Auta, duniya da lahira." Ta huta, ta ja numfashi. "Amma ba furar ba ce. Saifa ce."

Yaya Sale ya zuba mini ido. Na san abin da yake so in ce, kalma ɗaya ce, kuma kowa a ɗakin zai ji sanyi. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba tana da ƙarfinta, ban ga dalilin da zan fara don ta kwanta ba.

"Furar ce, Inna."

Yaya ya yi tsaki ya tashi ya fita. Ita kuwa sai ta dubi ƙofa, inda haske ya fara shigowa ta ƙasan labule.

"Tashi ka tafi," in ji ta. "Rana za ta yi maka."

Na tashi na ɗaure takalmina.